Sukarin yau ya sauka, amma jijiya ba ta manta ba

A Gombe za ka ji dattijo ya fito daga kemis yana murna: "An soki yatsana, sukari ya sauka, na warke." Baba, ba a nan take ba. Awon yatsa sukarin lokacin kawai yake nunawa. In sukari ya daɗe yana yawa a jini, yakan manne wa kolajin, zaren da ke riƙe bangon jijiyar jini, ya ɗaure shi har ya yi tauri kamar fatar da ta sha rana. Kolajin kuwa yakan yi shekaru jiki bai sabunta shi ba. Tunda awon yatsa ba ya nuna sukarin da ya daɗe, likita kan nemi awon jini na HbA1c, mai nuna sukarin wata 2 zuwa 3. Ɗaurin kolajin kansa, masu bincike a ɗakin gwaji kan gano shi ta auna sinadarin pentosidin, wanda ke samuwa in sukari ya ɗaure kolajin.