Safar hannu marar yatsu: amsoshi ga masu koyon saƙa

Da hunturu ya kama a Zariya, musamman Disamba da Janairu, masu saƙa ba sa zama. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi mini kan safar hannu mai launi-launi, wadda ke barin yatsu a waje.

Mene ne amfanin safar da ba ta rufe yatsu?

Ki tambayi ɗan acaɓan da ya taso da asuba daga Samaru zuwa Sabon Gari. Iska na dukan bayan hannunsa, amma da yatsu zai ƙirga canji, da su zai latsa waya.

Da kwarashi ake yi ko da kibiya?

Duka suna yi. Amma zanen ya fi fitowa da kibiyoyin saƙa huɗu ko biyar masu tsini gaba da baya. Da su ake saƙawa a zagaye, babu ɗinki a gefe.

Daga ina wannan salon haɗa launi ya fito?

Wanda ya fi suna shi ne Fair Isle, sunan wani ɗan tsibiri a yankin Shetland na Sikotlan. Ya yi tashe bayan da yariman Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na 8, ya fito da rigar sanyi mai wannan zane a 1921. Ko da launi shida ne a jikin safar, biyu kawai ake riƙewa a kowane layi. Ba dole sai zanensu ba. Ni dagin Arewa nake zanawa a takardar lissafi mai gida-gida, kowane gida madauki ɗaya.

Tawa ta tsuke, hannu ya ƙi shiga. Me ya jawo?

Juya ta ki duba ciki. Zaren da ba a saƙa da shi yana bi ta baya a kwance, har a zo inda ake buƙatarsa. Idan kika ja shi da ƙarfi, saƙar ta tattare kamar bakin jaka. Kafin ki canja launi, ki baza madaukan da ke kan kibiyar dama, zaren ya samu sarari. Kada kuma ya tsallake madauki fiye da biyar ba ki maƙale shi da ɗayan ba, in ba haka ba yatsa ko zobe zai riƙa kama shi. Tawa ta farko, ƙanwata 'yar shekara bakwai ce kawai ta iya sa ta, alhali wa Baba na saƙa.

Babban yatsa fa?

Mai koyo ta bar masa tsaga kawai. Gida na musamman sai hannu ya faɗa.

Yaya ake wanke ta?

Ulun roba, wanda ya fi yawa a kasuwa, ba ya da rigima. Na gashin tumaki kuwa, ruwan zafi da cuɗa suna sa shi ya cure ya ƙanƙance, kuma ba ya komawa. Ruwan sanyi, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa.