Kula da teburin injin zarton ado

Injin zarton ado shi ne wanda siririn zartonsa ke hawa da sauka a wuri ɗaya, mai aiki yana juya katako da hannu biyu yana bin zanen da aka manna a kai. Tunda katakon ne ke tafiya, sulɓin teburin shi ke sa layi ya fita daidai. Idan teburin yana riƙe katako, mai yanka zai ƙara ƙarfin turi, katakon ya zabura lokaci ɗaya, zarton ya bar layi ko ya tsinke, musamman a kwana mai tsini.

Yawancin teburan na ƙarfen zubi ne, kamar na injin DeWalt DW788, ko na alminiyum. Ƙarfen zubi yana da nauyi, yana rage girgiza, amma laimar damina da gumin tafin hannu suna sa shi tsatsa, har shatin yatsu ya fito a kai. Alminiyum ba ya yin jar tsatsa, sai dai wanda ba a rufe fuskarsa ba yakan bar baƙin tabo a bayan farin katako. Dukansu kuma suna tara ƙaron itace da ragowar gam na takardar zane, su haɗu da garin katako su zama danƙo.

Kafin komai a cire wuta, a kwance zarton, a ɗaga ƙaramin faifan da ke tsakiyar teburin idan akwai shi, a share gari da buroshi. Sai a jiƙa tsumma da ɗan kananzir a goge danƙon. Inda tsatsa ta kama, a ɗiga mai kaɗan a cuɗa da soson ƙarfe mai lamba 0000 ko samfefa mai lamba 400 zuwa 600. A naɗe samfefar a kan guntun katako mai lebur, domin yatsa kaɗai yana cin wuri ɗaya. Teburin da masana'anta ta rufe da fenti ko wani shafe ba a kai masa samfefa ko tina (ruwan tsinka fenti), tsumma ya isa. Daga nan a goge man sarai har farin tsumma ya fito ba tabo.

Abin da ke kawo sulɓi shi ne kakin goge katako mai kauri irin na gwangwani. Galibi haɗi ne na kakin zuma, farafin da kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wani itace dangin giginya a Barazil. Karnauba sai zafi ya wuce digiri 80 yake narkewa, kakin zuma kuwa kusan 63, shi ya sa haɗin da ke da karnauba ya fi tauri da jimiri. Ana shafa shi siriri, a bar shi minti 10 zuwa 15 har ya yi fari-fari kamar hazo, sannan a goge da busasshen tsumma. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri, wanda ke daɗewa bai bushe ba yana kama gari. Mai yanka kullum yakan sabunta shi duk mako biyu ko uku. Idan babu, goga kyandir a bi da tsumma yana fitar da mutum na kwana kaɗan.

Man inji da giris ba su da wuri wajen sa wa tebur sulɓi, suna shiga katako su ɓata shi. Feshin da ke ɗauke da silikon (wani sinadari mai sa sulɓi) ya fi su ɓarna: ba a ganinsa, sai an zo fesa fenti ya riƙa tsagewa yana barin ƙananan ramuka. Wasu kakin goge mota ma suna da shi.

Sau da yawa laifin ba na teburin ba ne. Hujin da ake yi domin zura zarto yana tayar da tsinke-tsinke a bayan katako, su ne ke karce, kuma samfefa mai lamba 220 tana kwantar da su. Faifan tsakiya idan ya ɗago ko da kaurin farce ne, bakin katako zai yi karo da shi. Haka ƙafar injin da ke danne katako, taɓawa kawai ake so ta yi, ba matsewa ba.

Bayan aiki a rufe injin da yadin auduga, domin leda tana tara raɓa a ƙarƙashinta. Kada a bar ɗanyen katako ya kwana a kan ƙarfen zubi, da safe za a tarar da shatinsa.