Mene ne "cin zarafi", kuma zarafin wa ake ci?

Daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba na kowace shekara, wato kwanaki 16 na gangamin kare mata da ƴan mata, da wuya mai sauraren rediyo a Maraɗi ya wuni bai ji "cin zarafi" ba. Sai dai kalmar ta daɗe da tsallake gangami ta shiga bakin kowa. Mai muƙamin da aka tambaya inda kuɗin gyaran magudanan ruwa suka shiga yakan ce ɗan jarida ya ci zarafinsa. Mai gabatar da shiri kuwa, idan labarin fyaɗe ya zo gabansa, kunya takan sa ya ce an ci zarafin wata yarinya, ya wuce zuwa labari na gaba. Kalma ɗaya ke nan ta ɗauki ɓacin ran babban mutum da aka yi wa tambaya, ta kuma ɗauki ta'asar da aka yi wa ƴar shekara 10, kuma a tsakanin waɗannan biyun an bar wani babban fili wanda ba a kiransa da kowane suna, alhali nan ne yawancin abin yake faruwa.

Hausa ba ta rasa kalmomin da za su raba waɗannan al'amura ba. Cin fuska shi ne a faɗa wa mutum maganar da ba ta dace ba ido da ido, kuma ƙarami ma yana iya yi wa babba. Cin mutunci shi ne a zubar masa da girma a bainar jama'a. Wanda aka ƙaga wa ƙarya a Facebook yana da ƙazafi da ɓata suna, kuma kotu tana sauraren irin wannan ƙara. Gaskiya ne cewa a bakin mutane cin zarafi da cin mutunci sun daɗe suna shiga gonar juna, amma ina ganin lokaci ya yi da za a sa musu iyaka, kuma iyakar tana cikin kalmar "zarafi" kanta.

Idan mutum ya ce wa abokinsa, "In na sami zarafi zan leƙo ka Tasawa," ba mutunci yake jira ya samu ba. Yana nufin sukuni da lokaci da hali. Haka idan aka ce wane ba shi da zarafin zuwa aikin Hajji bana, ana nufin hannunsa bai kai ba. Zarafi shi ne damar da mutum ke da ita ta yin abin da ya sa gaba da lokacinsa da ƙarfinsa da abin hannunsa. To idan aka ci wannan, me ya rage masa? Daga nan za a gane cewa ba kowa ke iya cin zarafin kowa ba, sai wanda ke riƙe da lokacin wani da cinsa da makwancinsa: uba, miji, mariƙiya, malami, ubangida. Ɗan jarida ba ya riƙe da ko ɗaya daga cikin waɗannan a rayuwar mai muƙami, wanda bayan an gama hira zai shiga motarsa ya koma gidansa da albashinsa cif. In ma an yi masa wani abu, bai wuce cin fuska ba.

Waɗanda na ga sun fi fahimtar wannan ma'ana su ne matasan marubuta, galibinsu mata, da ke sakin labaransu shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, wasu kuma a karanta su da murya a YouTube. Da yawansu daga Kano da Katsina da Zariya suke, amma iyakar Ɗan Isa da Jibiya ba ta tare waya, don haka ƴan matan unguwannin Zariya da Bagalam da Sabon Gari a nan Maraɗi suna cikin masu bin su. A cikin rubuce-rubucen akwai wani rukuni da za a iya kira labarin tasowa: ana ɗauko yarinya ko yaro yana shekara 12 ko 13, a bi shi har ya kusa 20, sau da yawa da bakinsa yake ba da labarin, kuma gidan da ya tashi a ciki shi ne wurin da cutarwa take.

Ga irin fasalin da nake nufi. Yarinya ta rasa mahaifiya a wani ƙauye na yankin Madarunfa, gwaggonta ta ɗauko ta zuwa birni da alƙawarin za a sa ta lakwal. Tana tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta ɗebo ruwa, ta yi wa ƴaƴan gida wanka su tafi makaranta, ita kuma ta ɗauki farantin talla ta nufi tasha. Ba a hana ta tuwo, ana yi mata ɗinkin salla, kuma ba lallai ne a taɓa fasa mata jiki ba. Idan baƙi suka zo, "ƴarmu ce"; idan rabon wani abu ya tashi, sai ta koma ƴar riƙo. Ranar da ta tuna wa gwaggo maganar makaranta, amsar ita ce, "Ke, in ba don ni ba da yanzu kina ƙauye kina bin awaki." Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo." Idan kuma babban ɗan gidan ya fara tura ƙofar ɗakinta da dare, ta yi ƙarfin hali ta faɗa, abin da za ta ji shi ne, "Yayanki ne, ki rufa mana asiri."

A ma'aunin rediyo, sai a wannan mataki na ƙarshe ne za a ce an ci zarafinta, shi ma in maganar ta fita waje. Marubucin da ya san aikinsa kuwa yakan nuna cewa cin ya fara tun safiyar da aka ɗora mata faranti a maimakon jakar littattafai. Babin da ya fi taɓa ni a irin waɗannan labarai ba na duka ba ne. Shi ne inda yarinyar, tana shekara 16 ko 17, za ta haɗu da tsararta da suka taso tare tana shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BEPC, sai ta tsaya ta lissafa shekarun da suka wuce, ta ga ba ta iya rubuta sunanta ba, ba ta da sana'ar kanta, ba ta da ko ƙawar da za ta faɗa wa damuwa saboda ba a taɓa barinta ta zauna da kowa ba. A nan ne tambayar "ni wace ce a gidan nan?" take taso mata da gaske. Shekarun da ɗan Adam ke gane halinsa da abin da ya iya da abin da yake so ya zama su ne aka kashe a hidimar wasu, shi ya sa take kai wa girma ba ta san kanta ba. Yaro agola, wanda uwarsa ta shigo da shi gidan sabon miji, yakan sha irin wannan ta wata fuskar: ana aikensa kamar ɗa, ana tuna masa ba ɗa ba ne duk lokacin da ya buɗe baki.

Akwai manyan da ke cewa waɗannan littattafai suna ɓata tarbiyya, har na ji ana cewa suna "cin zarafin iyaye", wanda shi ne mafi munin juya kalmar da na sani. Hujjarsu ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ka ƙi naka duniya ta so shi. Ban musanta horo ba, ban kuma musanta riƙo ba, domin riƙo ya raya marayu da yawa a ƙasar Hausa. Amma horo yana da alamomi: amfaninsa ga yaron yake komawa, yana da iyaka, kuma abin da aka ɗora wa ɗan riƙo ana iya ɗora wa ɗan ciki. Anas ɗan Malik yana yaro ya shiga hidimar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shekara 10 a gidan da ba na iyayensa ba, kuma ya ba da shaida, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ba a taɓa ce masa ko "uf" ba. Ya fita daga wannan hidima yana cikin manyan masu ruwaito hadisi. Mariƙiyar da ke fakewa da addini sai ta auna gidanta da wannan.

Doka ma ta fi rediyo faɗi. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, a sashe na 19 ta haɗa cutar da jiki da cutar da tunani da sakaci da ci da gumin yaro, ta kuma ambaci iyaye da mariƙa a cikin waɗanda za a kare yaro daga hannunsu. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89 ne. Ba na cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan aure zalunci ne, amma yarinyar da aka cire daga aji tana shekara 14 ba tare da an tambaye ta ba, an ci zarafinta ko da an raba goro an yi addu'a. Dokar da gwamnati ta fitar a Disamban 2017 don tsare ƴan mata a makaranta har shekara 16, wannan zarafin take neman karewa.

Inda nake da ƙorafi a kan marubutan shi ne ƙarshen labaransu. Bayan sun yi babi 60 suna nuna yadda aka cinye wa yarinya dama, sai wani attajiri ya tsaya da mota a gaban farantinta, ya aure ta, gwaggo ta zo tana kuka tana neman gafara. Mai karatu yana jin daɗi, amma zarafin yarinyar daga hannun gwaggo ya koma hannun miji, ita har yanzu ba ta riƙe shi ba. Ƴan kaɗan ne ke da haƙurin rubuta tsira yadda take zuwa a zahiri: ta sami kawu ko maƙwabciyar da ta yarda da maganarta, ta shiga ajin yaƙi da jahilci da yamma tare da matan da suka haife ta, ta koyi ɗinki ko saƙa har ta riƙe kuɗin kanta, ta kuma yanke da kanta ko za ta ci gaba da gaida gwaggo ranar salla ko ba za ta je ba.