Titin ƙofar makaranta: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da aka taso da maganar gyaran titunan ƙofar makarantu, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini, a wurin ɗaurin aure da a waya. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Me zai hana a faɗaɗa titin, cunkoso ya ƙare?

A'a. Titi in ya yi faɗi, direba ƙara taka mai yake yi. Yaron da yake tsallaka layi biyu kuma ya koma tsallaka huɗu.

To gudu nawa ya dace?

Kilomita 30 a awa. Ba ni na ƙago ba, taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm ta ƙasar Sweden a Fabrairun 2020 shi ya nemi haka a duk inda mota da mai tafiya a ƙasa ke cuɗanya. Motar da ke gudun 60 tana cinye kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya, ƙafa ba ta ma kai kan birki ba. In gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata ninka huɗu take yi.

Ai mun kafa allo mai cewa akwai makaranta a gaba.

Madalla. Allo ba ya taka birki.

Ba yaran ne ba sa kula ba?

Haba jama'a! Ɗan aji biyu, wanda adaidaita sahu in ta tsaya ta rufe shi ruf, shi za a ɗora wa laifi? Yaro bai iya auna saurin mota ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma babu abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Masu cewa ƙaddara ce, gaskiya ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali.

Makarantarmu tana bakin babbar hanyar da tireloli ke bi. Mu haɗa kuɗi mu zuba tudun rage gudu?

Nan kam sai a hankali, don amsar ba ɗaya ba ce. Ku fara gano mai titin. In hanyar tarayya ce, irin ta Kano zuwa Zariya, tana hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, wato FERMA, ke kula da gyaranta. Wata ta jiha ce, wata ta ƙaramar hukuma. Ba ku da hurumin taɓa kwalta ba izini, komai kyawun niyyarku.

Sannan tudun da matasan unguwa ke yi da siminti da tsakar dare yakan zo siriri, da tsini, ba fenti, ba alama. Mai babur ya zo cikin duhu ya yi tsalle da fasinjansa. Tanka mai lodi ta taka birki ba shiri, na bayanta ya afka mata. Da damina ya tare ruwa, kwalta ta farfashe. Na ƙwarai faɗi gare shi, a hankali ake hawansa, da fenti, da allo tun daga nesa, da fitila in da hali. Wanda ya fi shi ma shi ne a ɗaga wurin tsallakawar kansa, ya zama tudu mai shimfiɗaɗɗen sama, yara su bi ta kai. A titin cikin unguwa wannan zan ce ku nema ba fargaba. A hanyar manyan motoci kuwa ba zan rantse ba, ya danganta da kwana, da gangara, da nisan da direba ke iya hangowa.

Kafin duk wannan ku zagaya katangar makarantar. In akwai lungu a gefe ko a baya, a fasa ƙofa can a rufe ta bakin hanya. Sau da yawa shi ya fi arha, ya fi kuma aiki. In dole sai an tsallaka, a nemi tsibirin siminti a tsakiya, yaro ya ƙetare hannu ɗaya, ya tsaya, ya ƙetare ɗayan. Gadar sama ta masu ƙafa? Tana iya dacewa, amma da tsada, kuma in ba a katange ƙarƙashinta ba, ku da kanku kun san ta ƙasa ake bi.

Ku kwantar da hankali, ba sai kun zama injiniyoyi ba. Ku yi mako kuna ƙirga yaran da ke tsallakawa, a ina, da ƙarfe nawa. Hedimasta da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa su sa hannu a takarda, a kai wa mai titin, a ba Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kwafi. Takarda mai adadi ta fi ta koke zalla tafiya, ko da yake ban ce gobe za a amsa muku ba.

Wannan ba na Turai ba ne kawai?

Ƙungiyar Amend, mai aikin kiyaye haɗurran hanya, ta yi irinsa a makarantun firamare na Dar es Salaam a Tanzaniya: tudun rage gudu, hanyar ƙafa, wurin tsallakawa. Binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100.

Gosulon lokacin tashi fa?

Ku ne, iyaye. Kowa so yake ya sauke ɗansa a bakin ƙofa daidai, a kan kwalta. A ware wurin sauka da ɗauka can gefe, a sallami ƙananan azuzuwa minti goma kafin manya.

A kori masu talla?

A dawo da su ɓangaren makaranta. Awara da alawar da ke tsallaken titi su ke jan yaro.

Rage gudun ba zai makarar da mu ba?

Mita 300 a gudun 50 daƙiƙa 22 ne, a gudun 30 daƙiƙa 36. Malam, ka fito gida da wuri.