Na'urar kiran ma'aikatan jinya da gasar kamfanonin da ke ƙera ta

Na'urar kiran ma'aikatan jinya, wadda a asibiti aka fi sani da ƙararrawar nas, tsari ne na lantarki da ke bai wa mara lafiya damar neman taimako daga kan gadonsa ba tare da ya tashi ko ya ɗaga murya ba. Mafi sauƙinta ta ƙunshi abu uku: madanni a gefen gado, fitila a saman ƙofar ɗaki, da allo mai ƙara a teburin nas-nas wanda ke nuna lambar gadon da ya kira. A banɗaki kuwa igiya ake ratayawa har kusa da ƙasa, domin wanda ya faɗi ya iya jawo ta daga inda yake kwance. A tsarin da aka yi bisa ƙa'ida, kiran gaggawa ba ya mutuwa sai ma'aikaci ya je inda aka yi shi ya kashe da hannunsa. Wannan ƙaramin sharaɗi shi ne ginshiƙin aikin duka, don yana hana a share kira daga nesa a bar mai shi yana jira.

Asali

Tunanin ya girmi wutar lantarki a asibiti. A shekarar 1853, lokacin da Florence Nightingale ta karɓi ragamar wani gidan jinyar mata a Landan, ta nemi a ɗaura ƙararrawar kowace mara lafiya a bakin ƙofar nas, da wani ɗan murfi da ke buɗewa idan an ja igiya, domin a san wadda ta kira. Daga baya wayar lantarki ta maye gurbin igiya, sannan aka ƙara lasifika ta yadda nas za ta yi magana da mara lafiya kafin ta taso. A yau yawancin sababbin na'urorin manyan asibitoci suna bin layin sadarwar kwamfuta na asibitin, kira kuma yana sauka kai tsaye a wayar hannun nas ɗin da aka bai wa wannan gadon.

Manyan kamfanoni

Kasuwar ba ta hannun kamfani ɗaya, amma kowane yanki yana da nasa gaggan. A Amurka, sunan Rauland ne ya fi yaɗuwa. Kamfani ne da ke kusa da birnin Shikago, na'urarsa ana kiranta Responder, kuma a 2017 kamfanin AMETEK ya saye shi a kan dala miliyan 340. Babban abokin hamayyarsa shi ne Hillrom na jihar Indiyana, wanda asalinsa maƙerin gadon asibiti ne. Hillrom ya sayi kamfanin manhajar saƙon ma'aikatan asibiti mai suna Voalte a 2019, sannan a ƙarshen 2021 kamfanin Baxter, mai yin kayan ƙarin ruwa, ya haɗiye Hillrom ɗin baki ɗaya a cinikin da ya haura dala biliyan 10. Bayan 'yan watanni, a farkon 2022, Stryker, wanda shi ma gado yake ƙerawa, ya sayi Vocera mai yin 'yar na'urar magana da nas ke ratayawa a riga, a kan kusan dala biliyan 3. Akwai kuma ƙananan kamfanoni da suka daɗe a fagen, irin su Jeron da West-Com da TekTone.

A Turai, Ascom na ƙasar Suwizalan yana cikin na gaba, kuma ya ƙarfafa matsayinsa a Amurka ne bayan ya sayi sashen kiran nas na GE Healthcare. Ackermann na Jamus yana ƙarƙashin Honeywell, Schrack Seconet yana Ostiriya, Televic yana Beljiyam, Tunstall na Ingila kuwa ya fi ƙarfi a gidajen kula da tsofaffi. Austco ya fito daga Ostireliya, Aiphone da Carecom daga Japan. A ƙasan waɗannan duka akwai ɗimbin masana'antu a ƙasar Sin da Indiya da Turkiyya da ke yin na'urori marasa waya masu araha, kuma su ne suka fi isa ƙananan asibitocin Afirka.

Abin da ake gasa a kai

Duk wanda ya duba jerin cinikayyar nan zai ga ba madannin ake rububi ba. Madanni da fitila kowa na iya ƙerawa. Abin da ya sa masu gado da masu kayan ƙarin ruwa suka zuba biliyoyi shi ne matsayin da na'urar ta samu: ta zama mahaɗar duk wani saƙo da ke fitowa daga gefen gado. Gadon zamani yana sanar da nas idan tsohon da ake tsoron faɗuwarsa ya yunƙura zai sauka. Na'urar auna bugun zuciya tana aiko gargaɗi ta wannan hanya. Rumbun bayanan marasa lafiya na kwamfuta yana ɗaukar lokacin da aka kira da lokacin da aka amsa. Kamfanin da ya riƙe wannan mahaɗa ya samu ƙofar sayar wa asibitin gado da manhaja da kwangilar gyara na shekaru.

Akwai kuma batun ɗaurewa. Idan aka binne wayoyin wani kamfani cikin bango aka horar da ma'aikata a kan na'urarsa, canja shi aiki ne na fasa gini da kwashe marasa lafiya daga ɗakuna. Saboda haka asibiti yakan zauna da kamfani ɗaya shekara goma ko fiye, gasar gaskiya kuma tana faruwa ne a lokacin gina sabon asibiti ko babban gyara. Kamfanonin da ba su da gado nasu sukan yi tallan cewa na'urarsu tana jituwa da kayan kowa, waɗanda suke da gado kuwa sukan ce sayen komai a hannu ɗaya ya fi sauƙin kulawa. Kowanne yana da hujja, kuma kowanne yana kare cinikinsa ne.

Dokokin ƙasashe ma sun raba kasuwar. A Amurka ana bin ma'aunin UL 1069, a Jamus DIN VDE 0834, a Ingila kuma akwai jagorar HTM 08-03 ta hukumar lafiya. Samun shaidar cika waɗannan ƙa'idoji yana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa kamfanin da ya yi ƙarfi a wani yanki ba lallai ya yi tasiri a wani ba. A Amurka akwai ƙarin dalili: tambayoyin jin ra'ayi da ake kira HCAHPS, da ake yi wa waɗanda aka sallama daga asibiti, sun haɗa da ko sun samu taimako da wuri lokacin da suka nema, sakamakon kuma yana shafar kuɗin da gwamnati ke biyan asibiti. Wannan ya mayar da saurin amsa kira lamarin kuɗi, ya sa shugabannin asibitoci suke neman na'urar da ke fitar da rahoto.

Yawan ƙara shi ma ya zama matsala. Idan na'urori suna kuka dare da rana, kunnen ma'aikaci yakan saba har ya daina ji. A 2013 hukumar tantance asibitoci ta Joint Commission ta fitar da gargaɗi a kan haka, tun daga nan kamfanoni suke gasar tace kira: na neman ruwan sha ya tafi wurin mataimaki, na tsayawar numfashi ya tashi kowa. Ƙarancin ma'aikata ne ke ingiza wannan duka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Yadda lamarin yake a Sakkwato

Sakkwato cibiyar jinya ce ga yanki mai faɗi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da asibitin masu cutar noma mai cinye naman baki da fuska, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, suna karɓar marasa lafiya daga Kebbi da Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Sai dai a nan, kamar sauran arewa, tsohuwar na'urar kira mutum ce. Mai jinya, uwa ce ko ɗa ko ƙanwa, shi ke shimfiɗa tabarma kusa da gado, shi ke rugawa ya ce, "Malama, ruwan ya ƙare," ko "Sista, jikin Baba ya tashi." Wannan al'ada ta zumunci abin daraja ce, kuma tana ceton rai kullum. Amma tana da iyaka. Ba a barin 'yan uwa a ɗakin kulawa ta musamman ko a ɗakin da aka keɓe masu cuta mai yaɗuwa. Mai jinya yakan fita sayen magani, yakan tafi salla, barci yakan sace shi bayan kwana uku a zaune. A waɗannan lokuta ne madannin gefen gado yake da amfanin da babu mai musunsa.

Mizanin zaɓen na'ura a Sakkwato ya bambanta da na Shikago. Na farko wuta: jihar tana samun lantarki ta hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna, ɗaukewa da hawa da saukar ƙarfinta kuma abu ne sananne, don haka na'urar da ba ta da batir mai riƙo, ko ba ta jituwa da sola da janareto, ba za ta daɗe ba. Na biyu yanayi: zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, yana cinye batir, ƙurar hunturu kuma tana shiga madanni ta toshe shi. Na uku fasalin ɗakuna. Manyan kamfanoni sun tsara kayansu ne don ɗaki mai gado ɗaya ko biyu, alhali yawancin ɗakunan kwanciya na asibitocin gwamnati dogaye ne masu jerin gadaje, inda fitilar saman gado ta fi ta saman ƙofa amfani.

Sai kuɗi da nisa. Kayan daga waje ake shigo da su, yawanci ta tashar jiragen ruwan Legas mai nisan kimanin kilomita 1,000, kuma hukumar NAFDAC ce ke da alhakin rajistar kayan aikin asibiti a Najeriya. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, abin da ya ninka tsadar duk wani kaya da kwangilar gyara da ake biya da kuɗin waje. Wannan ya ƙara buɗe hanya ga na'urori marasa waya, waɗanda ba su buƙatar fasa bango kuma ana iya kafa su cikin yini ɗaya. Rauninsu shi ne kowane madanni yana da batirinsa, idan ya mutu ba wanda ya sani sai ranar da aka danna aka ji shiru. Masu inganci daga cikinsu suna nuna gargaɗi a allo tun kafin batir ya ƙare, kuma wannan siffa ta cancanci a biya mata ƙarin kuɗi.

Don haka a kasuwa irin ta Sakkwato, gasar ta fi zafi tsakanin dillalai da 'yan kwangila da ke Legas da Abuja da Kano fiye da tsakanin masu ƙerawa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi a yi takarar kwangila a fili, amma takardar da ta tsaya ga farashin kafawa kaɗai tana barin abin da ya fi tsada a waje. Asibitin da ke shirin saye yana buƙatar a rubuta masa cikin yarjejeniya yawan madannai da igiyoyin ajiya da za a bari a sito, da kwana nawa mai gyara zai ɗauka kafin ya iso, da horar da masu gyaran kayan asibitin da ke wurin, da kuma koya wa nas-nas da masu jinya amfani da na'urar da Hausa, ranar da aka kwantar da mara lafiya.