Sandarewar jiki irin ta Parkinson a masu allurar ƙwaya

Wannan lalura ce da ke kama mai allurar miyagun ƙwayoyi, jikinsa ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, fuska ta daskare, murya ta yi ƙasa, kamar tsoho mai cutar Parkinson alhali yana matashi. A sanannun nau'o'inta biyu, gurɓataccen sinadarin da ya shiga ƙwayar wajen haɗa ta shi ke yin ɓarnar.

Na farko ya bayyana a Kalifoniya ta Amurka a 1982. Likitan jijiyoyi J. William Langston ya duba wasu matasa da suka ƙame cikin 'yan kwanaki bayan sun yi allurar wata hoda da aka sayar musu da sunan heroin. Masu haɗa hodar sun nufi yin MPPP ne, wata ƙwaya mai aiki irin na heroin, sai wani sinadari mai guba, MPTP, ya fito a ciki. Idan MPTP ya isa ƙwaƙwalwa, wani sinadarin jiki mai suna MAO-B kan mayar da shi wata guba da ake kira MPP+. Ƙwayoyin jijiya masu samar da dopamine (sinadarin da ke daidaita motsin jiki) a sashen ƙwaƙwalwa mai suna substantia nigra sai su zuƙe MPP+ ɗin ta ƙofar da suke mayar da dopamine ciki, ta toshe musu hanyar samar da makamashi, su mutu. Tunda dopamine ne ya yi ƙaranci, levodopa, maganin cutar Parkinson da jiki ke mayarwa dopamine, yana sakin jikin, sai dai ba a daɗewa motsin fizge-fizge da maganin ke jawowa ya biyo baya. Langston ya wallafa bincikensa a 1983, kuma har yau da MPTP ake haifar wa birai da ɓeraye cutar domin gwajin magani.

Na biyu ya fi muni. A Rasha, Yukren, Latbiya da Estoniya ana haɗa wata ƙwaya mai sa kuzari da ake kira ephedrone a gida da sinadari mai manganis, a yi allurarsa. Manganis ɗin yana taruwa a sashen ƙwaƙwalwa mai suna globus pallidus, wurin da hoton MRI ke nuna shi da haske. Mai lalurar kan yi tafiya a kan yatsun ƙafa kamar zakara, yana yawan faɗuwa da baya, magana ta shaƙe, rawar hannu kuwa ba ta cika yawa ba. A nan dopamine yana nan, tashar da ke gabansa ce ta lalace, don haka levodopa ba ya aiki. Ko an daina allurar, manganis ya ragu a jini, galibi tafiyar ba ta dawowa.