Sammacin majalisa: me ake nufi idan an ce an kira minista ya zo ya yi bayani?

A rumfar wani mai cajin waya kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina na ji gardamar, farkon shekarar 2025, kwanakin da kuɗin data ya yi tashin gwauron zabo. Rediyo ta ce Majalisar Wakilai ta sa baki a maganar. Wani dattijo mai goro ya ce, "Shi ke nan, a aika wa ministan sammaci, gobe kuɗin ya sauko." Yaron rumfar ya ce, "Baba, ai sammacin 'yan majalisa ba irin na alƙali ba ne." Baba ya yi gaskiya ta wani fanni, yaron ma haka.

Sammaci kalmar aro ce daga Turanci, kuma a kotu muka san ta: takardar da alƙali ke aika wa mutum cewa ya bayyana ran kaza, in ya ƙi a aiko ɗan sanda. Masu labarai sun fi cewa majalisa ta "gayyaci" minista, sai mai sauraro ya ɗauka irin gayyatar ɗaurin aure ce, in ka ga dama ka je. Ba haka ba ne. Sashe na 67 na tsarin mulkin 1999 ya ce wajibi ne minista ya halarci kowane zaure na Majalisar Tarayya idan aka kira shi ya bayyana yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike, don gyara doka da kuma tona cin hanci, sakaci ko almubazzaranci da kuɗin da ta ware. Sashe na 89 ne ke da sanda a hannu: majalisa na iya kiran kowa a Najeriya ya ba da shaida ko ya kawo takardu, in ya ƙi zuwa ba da uzuri ba, ta fitar da takardar da 'yan sanda za su kawo shi da ita. Har nan, Baba mai goro ne da gaskiya.

Inda yaron ya fi shi shi ne abin da ke biyo bayan zuwan. Alƙali yana yanke hukunci, majalisa kuwa tambaya take yi.

A ranar 20 ga Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC, wadda ɗan Katsina Dakta Aminu Maida ke shugabanta, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Su ninki suka nema, suna kuka da tsadar dizal da faɗuwar naira, da cewa rabonsu da ƙari tun 2013. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. A watan Fabrairu Majalisar Wakilai ta nemi hukumar da ministan sadarwa, Bosun Tijani, su dakatar da ƙarin. Duk mai sayen data ya san abin da ya biyo baya: sabon farashi ya zauna daram.

Dalili kuwa, dokar sadarwa ta 2003 NCC ta ba ikon amincewa da farashi, kuma matsayar da majalisa ta ɗauka a zaure ba ta shafe doka. A nan Hausar rediyo ke rikita mu, don kalma ɗaya, "ƙuduri", ake amfani da ita ga abu biyu. Akwai ƙudurin doka, mai bin karatu uku a zauruka biyu kafin ya je teburin shugaban ƙasa. Akwai kuma ƙudurin da ɗan majalisa ke miƙewa da shi da safe, a yi muhawara, a buga guduma kafin azahar. Na biyun kira ne kawai. Majalisa ba ta korar minista ma. Shugaban ƙasa ne ya naɗa shi bayan tantancewar Majalisar Dattawa, shi ne kuma ke sauke shi. A Jamhuriya ta Farko, zamanin Tafawa Balewa, ministoci 'yan majalisa ne, a zaure ɗaya suke zaune da masu yi musu tambaya, kamar yadda firaministan Ingila ke amsa tambayoyi duk ranar Laraba. Tun 1979 muka koma tsari irin na Amurka, minista ya zama baƙo a majalisa.

To, ina amfanin kiran? A ganina yana cikin irin tambayar da aka yi. Ɗan majalisar da ya tashi ya yi ta faɗa don kyamara, minista zai saurare shi, ya gode, ya shiga mota. Wanda ya zo da shiri kuwa zai ce: Mai girma minista, an ce ƙarin zai gyara sabis, turakun sadarwa nawa aka kafa a Batsari da Safana da Jibiya tun daga lokacin? Asusun nan na USPF da dokar 2003 ta kafa don kai sadarwa karkara, nawa ya kashe a jihar Katsina? Amsar irin wannan tana shiga kundin majalisa, kuma ministan zai dawo gaban kwamitin nan ɗin kare kasafin kuɗinsa. A nan majalisa ke iya murɗa kunne, a nan da kuma gyaran dokar kanta.

Mu a nan ba sai an gaya mana cewa waya ta wuce kayan hira ba. Lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, mai POS ya rufe, mai turo kuɗi daga Legas ya rasa hanya, mai neman labarin mara lafiya sai ya hau mota. Rajistar JAMB da lambar NIN duk yanzu a kan layin waya suke rataye.

Kada kuma a kai kukan data majalisar dokokin jiha. Sashe na 128 da 129 sun ba ta irin wannan iko, amma a kan kwamishinoni da hukumomin jiha. Sadarwa tana cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Masu iya tsayar da ministan a madadinmu su ne sanatoci 3 da 'yan Majalisar Wakilai 15 da Katsina ta tura Abuja, ciki har da mai wakiltar Daura, Sandamu da Mai'aduwa.